Inda Hannunta Ya Tsaya

Tumaki goma sha bakwai inna ta bari,
da ɗakin dutse mai rufin ciyawa
a gangaren tsauni, can sama da garin Ayabiri,
inda ruwa ke kwana a tulu ya wayi gari ƙanƙara.

Na dawo daga ramin ma'adinai da tari a ƙirji,
na tarar an rufe ta da kwana uku.
Maƙwabciyarmu Edubihes ta miƙo mini makulli,
sannan ta miƙo mazari, zare ya ci rabinsa.
Ta ce, "A hannunta muka zare shi.
Saturnina ba ta gama ba."

Ban tuna ranar da na ga inna hannu sake ba.
Tana kora tumaki tana kaɗi,
tana cinikin dankali tana kaɗi,
tana yi mini faɗa, mazari na lilo a gefenta
kamar shi ma yana da ta cewa.

Gashin na baƙar tunkiyar nan ne mai yagaggen kunne,
wadda yanyawa ta cafka tana 'yar wata guda
inna ta ƙwato ta da jifa.
Kasimiro mai sikeli, da ke hawowa da mota lokacin sausaya,
kullum sai ya ture nata gefe da ƙafa:
"Fari nake saye, baƙi ba ya shan rini."
Inna ta ce, "Wanda aka rina tun a ciki,
me zai nema a tukunyarka?"

Bana ni na kayar da ita.
Almakashi ya yi mini gardama,
sau biyu na haɗa da fata,
ta dube ni, ko kuka ba ta yi ba,
kallon da ya fi zagi.
Na wanke gashin a rafi har yatsuna suka daina amsa kira,
na shanya a kan katanga,
na zauna tsintar ƙaya da busasshen kashi
kwana huɗu.

Sai kaɗi.
Na murza, zare ya tsinke.
Na ƙulla, mazari ya faɗi ya gangara,
yaran makiyaya suka bi shi da dariya.
Hannun da ya shekara tara yana fasa dutse
ya kasa riƙe abin da iska ke ɗauka.
Edubihes ta leƙo ta kan katanga:
"Hilariyo, kana jan sa kamar mai bin sa bashi.
Sassauta. Gashi ya san ɗan'uwansa."

Na sassauta, ba a ranar ba.
Sanyi ya sauko, muka baza dankali ya sha daren ƙanƙara,
da safe mu tattake shi da ƙafa.
Ɗan tunkiya ɗaya ya zo a tsakar dare,
na kwana da shi a cikin rigata, ya rayu.
Wani ya zo, bai rayu ba.
Tsakanin wannan da wancan mazari ya fara tsayawa,
yana juyi shiru
har na ji tarina ya fi shi ƙara.

Da aka haɗa nata da nawa, masaƙi ya fitar da ɗan bargo,
bai kai ya rufe ƙafa da kafaɗa lokaci guda ba.
Kasimiro ba zai ba da ko sisi a kansa ba.
Da dare, in fitila ta mutu,
yatsana kan bi shi daga baki:
sumul, sumul, taki biyu da rabi,
sai ƙulli, sai kauri, sai wurin da ya kusa tsinkewa.
Nan ta tsaya.
Daga nan ni ne.

Mai yagaggen kunne ta yi nauyi, ciki ya sauka,
gashinta ya fara rufe tabon almakashina.
Gobe zan kai su fadamar da ke bayan coci,
mazari a ɗamarata.